Ɗora salon haruffa a manhajar aiki tare: PDF ya yi, docx da saura

Ƙungiyarmu tana shirya ƙananan takardun wayar da kai kan tsaftar ruwan sha, kuma kowace takarda da rubutu iri uku take fita: Hausar boko, ajami, sai Faransanci saboda abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram. Duk a manhaja ɗaya ta intanet muke aikin, kowa yana gyara sashensa daga inda yake zaune. Da kamfanin manhajar ya ba da damar mutum ya ɗora salon haruffan da yake so, ni aka ɗora wa gwajin, tunda ni ake nema duk ranar da takarda ta dawo daga maɗaba'a da 'yan akwatuna a gurbin ƙ da ɗ.

Asalin matsalar ba boyayye ba ne. Salon haruffa da yawa don harsunan Turai aka zana su, babu haruffanmu masu ƙugiya a ciki. Idan kwamfuta ta nemi harafi ta rasa, sai ta aro shi daga wani salon ba tare da ta gaya maka ba. A allo ka ga komai lafiya lau. Sai an buga za ka ga kan magana kamar "Ƙa'idojin Ɗiban Ruwa" duk haruffa sun yi kauri, amma Ƙ da Ɗ sirara, sun ɗan fi sauran tsayi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a tsarin Unicode, wato tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ba wuri ɗaya aka ajiye haruffan nan ba. Ƙ da ƙ da Ɓ da Ɗ da ƴ suna rukuni ɗaya, ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can cikin haruffan masana furuci. Shi ya sa za ka sami salon da ke da ƙ amma ba shi da ɗ, kuma wanda ya gwada harafi ɗaya ya ce ai ya yi, ya yaudari kansa.

Na ɗora Andika don boko da Faransanci, Alkalami don ajami, sai Harmattan don ƙananan bayanai na ƙasan shafi. Duka ukun cibiyar binciken harsuna ta SIL ce ta yi su, kyauta ne, kuma lasisinsu na OFL, wato lasisin salon haruffa na kyauta, ya yarda a cusa su cikin fayil. Wannan batun lasisi kada a raina shi, domin akwai salon sayarwa da ke hana cusawa, manhajar kuma sai ta musanya shi kawai.

Wajen fitar da PDF ba ni da abin cewa sai yabo. Andika, da yake don masu koyon karatu aka zana shi, haruffansa a buɗe suke, ƴ ɗin da mutanen Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y ya zauna daram kusa da é da ç na Faransanci. Alkalami kuwa shi ya fi burge ni. An fitar da shi a 2017 bisa rubutun Kano, mai kaurin nan da duk wanda ya yi makarantar allo ya saba gani. Fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, irin na Warshu, waɗanda Unicode ta ba lambobin kansu a 2016, duk sun fito yadda aka rubuta su. Malamin da ke duba mana ajami ya karanta shafin ba tare da ya tsaya tambayar wane harafi ne wannan ba, abin da ba ya faruwa lokacin da muke amfani da salon Larabci na gama-gari.

Inda manhajar ta gaza shi ne fayil ɗin docx, wato irin na Word da ake iya gyarawa. Sunan salon kawai take rubutawa a ciki, ba ta tura shi kansa. Abokin aiki ya buɗe a kwamfutar da ba a girka Alkalami ba, sai ajamin ya koma wani salo, wasu haruffan su ɓace, shafi biyu ya zama uku. A waya ma haka, salon da ka ɗora ba ya bayyana, alhali yawancin mutanenmu da waya suke gyara. Sannan a cikin jadawali, idan lamba ta shiga tsakiyar layin ajami, wani lokaci kalmomin sukan sauya wuri, dole sai an bi da ido. Wasulan sama da ƙasa ma sukan gutsure idan ba ka ƙara tazarar layi da hannu ba.

Duk da haka mun ci gaba da biyan kuɗin manhajar, domin abin da ke zuwa maɗaba'a PDF ne. Wanda zai gwada, ya rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ a layi ɗaya, ya maimaita shi da kauri da kuma a karkace, ya fitar da PDF, sannan ya buɗe bayanan fayil ɗin ya duba jerin salon da aka cusa. Idan ya ga sunan da ba shi ya ɗora ba, to an yi masa aro a wani wuri.