Rhino, Revit ko Blender: wacce manhajar zanen lissafi za ka saya in a Legas kake aiki

Tun da muka ɗaura labulen ƙarfen nan mai huji-huji a tagogin masallacin unguwarmu a Agege tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, wai da me na zana shi kuma nawa ake sayar da abin. Yaranmu masu karatun zanen gini a Yabatech da Unilag sun tambaya, masu walda sun tambaya, har wani Alhaji da ke gini a Ajah ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce ɗansa yake so ya saya wa. To bari in amsa gaba ɗaya, kuma tun yanzu in faɗa muku ni ɗan Rhino ne, ba zan ɓoye ba.

Ga wanda bai san harkar ba, abin da ake kira zanen parametirik ba wani tsafi ba ne. Maimakon ka zauna ka zana huji ɗari shida ɗaya bayan ɗaya, ƙa'ida kake kafa wa kwamfuta, ka ce mata hujin sama ya fi na ƙasa faɗi, tazarar da ke tsakani kar ta gaza kaza, dagin ya maimaitu sau kaza, ita kuma ta fitar. In mai gida ya dawo gobe ya ce a ƙara wa tagar ƙafa ɗaya, lamba ɗaya za ka ja komai ya sake zama daidai. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya ga yadda yake ƙirga zare ya riga ya gane, ƙa'idar tana kansa, girman kan mai hular ne kawai ke canzawa. Da irin wannan tunanin aka yi tagwayen benayen Al Bahr na Abu Dabi da aka gama a 2012, waɗanda labulensu ke buɗewa yana rufewa yana bin rana, da kubbar gidan tarihin Louvre na can garin mai taurari 7,850 a hawa takwas, da cibiyar Heydar Aliyev ta Baku da Zaha Hadid ta zana. In kana son ganin abu mai kama da haka da idonka ba sai ka hau jirgi ba, je Onikan ka tsaya gaban cibiyar John Randle ka kalli ragar ƙarfen da aka lulluɓe ginin da ita.

Rhino kamfanin McNeel ne ke yin ta a Siyatil ta Amurka, amma abin da ya sa muke maganarta shi ne Grasshopper da ke cikinta, wadda David Rutten ya ƙirƙira ta fara fitowa a 2007, kuma tun daga Rhino 6 tare suke zuwa, ba sai ka sayi wani abu daban ba. Ba rubutun kod ake yi ba, akwatuna ne kake jerawa a allo kana haɗa su da waya, wannan ya raba bango gida-gida, wancan ya auna nisa, na gaba ya ba kowane huji girmansa. Satin farko kai zai yi zafi, musamman wajen gane yadda take jera bayanai reshe-reshe, a nan yawancin mutane ke gudu, amma ranar da ka gane wannan wallahi shi ke nan hannunka ya buɗe.

Babban abin da ya riƙe ni shi ne layin Rhino na gaskiya ne. In ka zana da'ira, da'ira ce cikakkiya ta lissafi, ba tarin 'yan gajerun layuka da aka jera su yi kama da da'ira ba, saboda haka in ka fitar da fayil ɗin DXF, wato irin fayil ɗin zane da masu yanka ke karɓa, ka kai wa mai injin leza baki zai fito sumul, milimita ba ta ɓacewa. Mu da abinmu ke ƙarewa a hannun mai walda wannan shi ne komai, hoto mai kyau a allo ba ya ɗaure ƙofa.

Sannan ga 'yan ƙarin da ake ɗora mata. Ladybug kyauta ce, ka ba ta fayil ɗin yanayin Legas ta nuna maka inda rana ke dukan bango awa-awa duk shekara. Da ita na fara gamsar da masu gida cewa bangon yamma shi ne abokin gaba, kuma a nan Legas da muke wajen digiri shida da rabi arewa da tsakiyar duniya, daga Afirilu zuwa farkon Satumba rana ta gefen arewa take bi, don haka tagar arewa ma tana shan nata rabon, ba kamar yadda littattafan Turai ke koyarwa ba. Sai ka matse huji inda rana ta fi zafi ka sake shi inda iska ke shigowa. Kangaroo ta Daniel Piker tana ciki, ita ke gwada maka yadda rumfar tamfol ko raga za ta lanƙwasa in an ja ta. OpenNest kuma tana jera maka gutsattsarin a kan falle don kar ƙarfe ya tafi a banza, a aiki ɗaya na taɓa rage falle biyu cur da ita. Akwai Karamba3D ta lissafin nauyi, ita ta kuɗi ce, kuma ko kana da ita duk abin da mutane za su tsaya a ƙarƙashinsa sai injiniya mai rajista ya duba ya sa hannu, wannan ba wurin wayo ba ne.

Kuɗin Rhino dala 995 ne lasisin kasuwanci, ɗalibi da malami dala 195, ku dai leƙa shafinsu kafin ku biya. Na san in aka juya shi naira sai mutum ya yi salati, amma sau ɗaya ne, taka ce, ba mai zuwa ƙarshen shekara ya rufe maka. In sabuwa ta fito ka ga dama ka biya ka hau, in ba ka ga dama ba ka ci gaba da tsohuwarka. Lasisin ɗalibi ma ba ya mutuwa in ka gama makaranta. Suna ba da kwana 90 na gwaji cikakke, kuma za ka iya ɗaure lasisin a kwamfuta ɗaya ka yi aiki ba intanet. Duk wanda ya sha wahalar lokacin da katin naira ya daina biyan kuɗi a waje, ko ya ga yadda dala ta yi tsalle daga 2023, ya san darajar abin da ba a sake biya.

Revit da Dynamo ɗinta (wato irin tata Grasshopper ɗin) kuwa, in ofishinku bene mai hawa goma yake yi da famfo da wayoyin wuta to dole ce, amma haya ce ta kusan dala dubu uku duk shekara kuma sai Windows, kuma in ka kawo mata lanƙwasa sai ta yi ta gardama. SketchUp ta nuna wa Alhaji kamannin gidansa ce, ba ta wannan aikin ba. Houdini ta 'yan fim ce. Blender kaɗai zan ɗan ɗaga wa hula, kyauta ce halak malak kuma tun 2021 tana da nata akwatunan haɗawa, hotonta ma ya fi na Rhino kyau, in ba ka da ko sisi fara da ita ka koyi tunanin, sai dai ranar da za ka kai wa mai yanka za ka ga da'irarka ta zama mai kusurwa-kusurwa sai ka zauna gyara.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, don ni a nan na ƙone. Shekarun baya na samu aikin wani adon ƙarfe da za a kafa a shataletalen wani rukunin gidaje a Lekki, dagin arewa ne na murɗa shi ya tashi sama, guntu sama da ɗari kuma ba biyu da suka yi kama. Lokacin kirak nake amfani da shi, wato manhajar sata da aka fasa makullinta, wani mai shago ya ɗora mini kan 'yan dubbai yana ta rantsuwa, Oga orijina ne har abada, kawai ka kashe antibayiros kafin in saka. Saura kwana uku a fara yanka na buɗe kwamfuta na tarar duk fayilolina sun kulle, ga saƙo a allo wai in biya da kirifto. Aikin wata biyu da hotunan iyalina duk suka tafi. Na koma wurinsa ya ce bai taɓa ganina ba. Na sake zanen daga farko dare da rana da janareta, na makara da sati biyu, aka zabtare mini kuɗi, abin da na yi asara ya ninka kuɗin lasisin da nake gudu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban da asarar ma haƙƙin mutane ne na ci, na san da haka.

Yanzu ma sun canza salo. Za ka ga mutum a WhatsApp ko Instagram yana tallan lasisi na gaske a rabin kuɗi, wasu lambar ɗalibi guda ce suke sayar wa mutum goma, wasu na gwajin kwana 90 ne suka buɗe da imel ɗinsu, wata uku cif abin ya mutu shi kuma ya toshe lambarka. Lasisi in naka ne a asusunka yake zama da imel ɗinka, kai ke shiga shafin kamfanin ka gan shi da idonka. Duk wanda ya ce ka kashe antibayiros, ko kar ka yarda ta taɓa intanet, ko kar ka sabunta, ka tashi ka bar wurin. Haka masu sayar da kwas, sun kwashi bidiyon kyauta na YouTube sun zuba a filash suna karɓar kuɗi mai kauri. Ka ce malamin ya nuna maka abu ɗaya da ya zana aka yanka aka kafa, ka je ka taɓa shi da hannu.

Kwamfutar ma sai an yi hattara, in za ka shiga Computer Village a Ikeja ka tafi da wanda ya sani. Sitikar i7 ba ta nufin komai, akwai i7 da ta haura shekara goma, tambayi zubi na nawa ce. Grasshopper yawancin lissafinta a kan guda ɗaya cikin ƙwaƙwalen kwamfutar take yi, don haka saurin guda ɗayan ya fi yawansu amfani. RAM kar ta gaza GB 16, ka nemi SSD da katin hoto nasa daban. Wasu masu shagon har bayanan kwamfutar da ke fitowa a allo suna gyarawa, shiga BIOS ka gani da kanka, ka buga powercfg /batteryreport ka ga gaskiyar batir, don da wutar garin nan batir da ba ya kai awa biyu zai mutu maka a tsakiyar lissafi.

Sai wurin yanka, wanda ni a ganina ya fi duka cin kuɗin mutane a ɓoye. Falle yawanci ƙafa huɗu ne a takwas, wato milimita 1220 a 2440, ka tsara zanenka a kan haka tun farko ka bar ɗan gefe. Leza ta fi tsafta a aiki mai ƙananan huji, filasma ta fi araha amma bakinta kaushi gare shi, injin CNC mai haƙori kuma na katako da alukobon ne, wato fallen alminiyam da ake lulluɓe fuskar gini da shi. Kar hujinka ya fi kaurin ƙarfen ƙanƙanta, kar kuma gadar da ke tsakanin huji biyu ta sirance da yawa, zafi zai murɗe ta. Ka goge layukan da suka hau kan juna, in ba haka ba injin sau biyu zai bi kuma kai za ka biya, ka kuma tabbatar milimita kuka yarda da ita ba inci ba. Amma babbar cutar a kauri take, ka biya na milimita uku a yanka maka biyu da rabi, da fenti ya hau ba mai ganewa sai iskar damina ta fara kaɗa shi. Ko kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin za ka ka sayo ƙarfenka da kanka, ko su ne za su kawo, ka auna kafin a ɗora kan inji. In aikin na bakin ruwa ne kamar Lekki ko Ikoyi gishirin iska ba ya wasa, baƙin ƙarfe in ba a yi masa galbanaiz da fenti mai kyau ba damina ɗaya tsatsa za ta fara zubo wa mutane a bango. Za su ce maka sitenles ne su manna mayen ƙarfe su nuna maka bai kama ba, to sitenles mai lamba 201 mai araha ma ba ya kamawa, don haka wannan gwajin ba hujja ba ce. A bakin teku 316 ake nema, in ya yi tsada 304 ko alminiyam, kuma a rubuta lambar a rasit.

Ni yanzu ba na barin a taɓa falle sai an fara yanka mini guntu ɗaya kamar tafin hannu biyu daga wurin da zanen ya fi matsewa, in biya kuɗinsa daban in kai wa mai waldata ya duba. Ma'aunin kaurina kuma kullum yana aljihun gaban jakata, wani mai inji a Mushin da ya ga na zaro shi sai ya ce Malam dakata, ya aika yaronsa ciki ya sauya fallen.