Sharhi Kan Na'urar Accu-Chek Active Ga Wanda Aka Gano Masa Ciwon Sukari Kwanan Nan

Makonnin farko bayan likita ya ce mutum yana da ciwon sukari su ne mafi wuya. Kowane jiri ko ƙishirwa sai gaba ya faɗi, ga 'yan uwa kowa da maganin da zai kawo. Bayan watanni ina amfani da Accu-Chek Active, na'urar auna sukarin jini ta kamfanin Roche, ra'ayina shi ne tana rage wannan fargaba sosai, amma sai ga wanda ya san lokacin gwaji da ma'anar lambar da ta fito.

Aiki da ita ba wuya. A wanke hannu da sabulu a tsane shi sarai, a zura tsinken gwaji (masu kemis na ce masa sitirif) a cikin na'urar, a huda gefen kan yatsa, a ɗiga jinin a kan koren murabba'in da ke tsakiyar tsinken. Cikin daƙiƙa 5 sakamako ya fito. Abin hudar mai suna Softclix yana da matakan zurfi. Mai laushin fata ya fara da 2, manomi ko makanike mai kaurin fata zai iya buƙatar 4. Gefen yatsa ya fi tsakiya sauƙin zafi, kuma a riƙa sauya yatsa. Na'urar tana ajiye sakamako 500, tana fitar da matsakaicin kwana 7, 14, 30 da 90, batirinta kuwa ƙaramin nan ne CR2032 da ake samu wurin masu gyaran agogo.

Kafin a biya kuɗi a duba ma'aunin da take nunawa, domin ba a iya sauya shi daga baya. Wata mg/dL take bayarwa, wata mmol/L. Idan asibitinku da ɗayan yake aiki, sai a raba mg/dL da 18 a samu mmol/L, ko a ninka mmol/L da 18 a samu mg/dL: 126 mg/dL daidai yake da 7.0 mmol/L. Sauran lambobin sukari da ke wannan sharhi duk na mg/dL ne. Ga yawancin manya, abin da ake nema shi ne 80 zuwa 130 da safe kafin a ci komai, da ƙasa da 180 awa 2 bayan fara cin abinci, sai dai in likita ya sa wa mutum nasa mizanin.

Inda sababbi suka fi wahalar da kansu shi ne maimaita gwaji. Mutum ya ga 162, hankalinsa ya tashi, ya sake hudawa ya ga 148, sai ya ce na'urar ƙarya take yi. Ba ƙarya ba ce. Ƙa'idar da ake auna irin waɗannan na'urori da ita ta yarda da bambancin kashi 15 cikin 100, don haka jinin da ainihinsa 150 ne zai iya nuna 135 ko 165. Gwaji goma a wuni tsinke kawai yake cinyewa, ya kuma hana barci. Abin da ya fi amfani shi ne gwaji biyu-biyu: ɗaya kafin tuwon shinkafa, ɗaya awa 2 bayansa, a rubuta a littafi tare da yawan malmalar da aka ci. Gobe a gwada da wake, jibi da kunu ba sukari. Cikin mako biyu mutum zai gane abin da jikinsa ke ɗauka, ya daina tsoron kowane kwano. Wannan littafin ne likita zai fi son gani.

Babban raunin na'urar a ƙasarmu zafi ne da ƙura. Ana so a ajiye tsinkayen tsakanin digiri 2 da 30, alhali a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu yana haura 40. Kada a bar robar tsinkayen a mota ko bakin taga, a rufe murfinta nan take saboda a cikinsa abin tsotse danshi yake, kuma kada a sayi tsinken da aka ƙirgo a leda komai araharsa. Da haske take karanta launin tsinken, shi ya sa ƙurar hunturu ko busasshen jini a 'yar tagar awon ke kawo kuskure. Auduga mai ɗan danshi ta isa a goge. Ragowar dabino ko mangwaro a yatsa ma yana ɗaga lamba ba gaira ba dalili. Tsadar tsinke ita ce ainihin kuɗin na'urar, don haka a tambayi farashin roba mai 50 tun kafin a sayi na'urar.

Lambobi biyu ba a jira da su. Ƙasa da 70, musamman ga mai shan ƙwayar rage sukari ta glibenclamide ko allurar insulin, a sha babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. Mai azumi ya karya. Idan kuwa ta nuna HI, wato ya wuce 600, ko ta haura 300 tare da amai da kasala, a tafi asibiti a lokacin, kada a bari sai gari ya waye.