Kayan nutso a gaɓar Legas: na saye, na haya da na gwanjo

Wani ƙanena da ke sana'a a Obalende ya gama koyon nutso da tukunyar iska, ya karɓi takardar PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, wadda ta ba shi damar sauka har zurfin mita 18. Washegari sai ga shi da hoton kyamarar cikin ruwa a waya, wai in taya shi zaɓe. Na ce: "Ƙanena, ajiye wannan tukuna, me za ka ɗauka a ruwan da ba ka ganin tafin hannunka?"

Ruwanmu ba irin na Bahar Maliya ba ne. A Tarkwa Bay, inda sai da kwale-kwale ake zuwa, kifi na fakewa ne a jikin duwatsun da aka jibge tun zamanin Turawa don kare mashigar jiragen ruwa. Wurin ba zurfi sosai, amma da damina laka kan dagula shi. Don haka kuɗinka ya fara tafiya kan abin da zai sa ka gani, a kuma gan ka.

Tocila iri biyu ce: mai baza haske da mai tsuke shi. A shago mai bazawa ta fi ɗaukar ido. A cikin laka kuwa haskenta dawo maka yake yi, kamar direban da ya kunna babbar fitila cikin hazon hunturu. Ɗauki mai tsukakken haske, ka ɗaure ta a wuyan hannu.

Sai doguwar balan-balan mai ruwan lemo da igiyarta, wadda ake hurawa ta riga ka isa saman ruwa. A kan wannan ba na sassauci. Masu kwale-kwale na wucewa da gudu, kuma kan mutum a tsakanin igiyoyin ruwa bai fi ƙwallon kwakwa ba. Hanyar manyan jirage kuwa ko kusa kada ka je.

Tsakanin babbar wuƙa da ɗan almakashi, na zaɓi almakashi. Wata rana zaren fatsa ya naɗe mini ƙafa, ban ma gan shi ba sai da ya ja ni baya. Na yi ta goga wuƙa yana zamewa, abokin nutsona ya zo ya datse shi lokaci guda. Tun ranar wuƙar ke gida.

Takalmin iyo, wato mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, shi ma kashi biyu ne. Wanda ake zura ƙafa tsirara ya fi araha, amma na mai tsalle daga jirgi ne. Kai da za ka taka duwatsu da nauyi a baya, nemi mai maɗauri a dunduniya tare da takalmin roba. Riga mai kaurin milimita 3 ta wadatar, ruwan Legas ba sanyi sosai, amfaninta ta kare fata daga karcewa. Kamfas kuwa, wato na'urar nuna alƙibla, dole ne.

Tabarau na nutso, mai rufe ido da hanci, kada ka saya ta intanet. Ɗora shi a fuska ba tare da maɗauri ba, ka ja numfashi ta hanci. In ya manne, naka ne, ko na kamfanin Cressi ne ko na Mares.

Na'urar shaƙar iska ita ce ba na yarda da gwanjonta, sai dai in ƙwararre ya buɗe ta ya sauya robobin ciki. Gishiri na cin ta ta inda ido ba ya kaiwa. Tukunya kuma haya ta fi maka: duba hatimin gwaji a wuyanta, in ya wuce shekara 5 ka mayar, ka kuma sunsuna iskar, in da warin mai kada ka karɓa.

Ƙanen nawa ya sayi tabarau, tocila, kamfas, almakashi da balan-balan. Kyamarar ya ce sai rani, in ruwa ya washe.