Ƙwallon duniya mai wata da na saya wa yara

Wata biyu ke nan da na sayi abin nan a wani shago kusa da Kasuwar Dole, jaka shida. Ƙwallon duniya ne na roba, da ɗan wata a kan sanda mai zagaya shi, sai fitila mai pil a matsayin rana. Abin da ya sa na saya, ɗiyata mai shekara biyar ce ta dame ni lokacin azumi, kullum bayan shan ruwa sai ta ce Baba wa ya gutsure wata, ni kuma na yi ta bayani da baki amma ba ta gane ba.

Ranar da kuran ya ɗauke muka shiga ɗaka muka kunna fitilar, na ce ta tsugunna ta sa idonta daidai inda Nijar take. Ina juya sandar a hankali tana kallo, sai ga siririn haske kamar jinjirin wata, ya ƙaru ya kai rabi har ya cika, ta yi tsalle ta ce ashe ba a cinye shi ba! Wallahi na ji daɗi har raina. Nan na gaya musu wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskowa, kuma daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watanmu na Musulunci ke yin 29 ko 30. Yayanta ɗan lakwal har ya fahimci dalilin da ake shan ruwa a Makka mu muna nan da rana.

Amma akwai gyara. Watan ya matso duniya da yawa, alhali nisan gaskiya wajen kilomita 384,000 ne, duniya talatin za su jeru a tsakani. Sannan sandar a miƙe take, duk zagaye sai inuwar duniya ta rufe shi, yaron ya ce to kenan kowane wata sai an yi zazzaɓin wata? Sai da na ɗan ɗaga sandar da hannu na nuna masa hanyar watan a karkace take. Pil ma ba ya jimawa, yanzu fitilar waya muke haskawa.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba. In za ku saya ku duba gindin sandar tun a shago, tamu ta fara lilo.