Kafin ka zaɓi hanyar haɗa faifan ajiya: mdadm, ZFS ko katin RAID

Wanda zai haɗa faifai da yawa su zama ma'ajiya guda yana da zaɓi uku da aka fi sani: manhajar mdadm ta Linux, tsarin ZFS, ko katin RAID da ake saya a saka a cikin kwamfuta (RAID shi ne sunan wannan dabara ta haɗa faifai, kuma tana da nau'o'i masu lamba). Ya kamata ya lura da yadda kowanne ke adana bayanin girman ma'ajiyar, domin a nan ake samun matsalar da girman ke canzawa bayan an kashe kwamfuta an sake kunna ta.

Da farko, akwai ragin girma da ba kuskure ba ne. Kamfanoni suna ƙirga terabait da dubu-dubu, Linux kuwa sau da yawa tana ƙirga da 1024, shi ya sa faifan 4TB yake bayyana kusan 3.64. RAID 1 na faifai biyu yana bayar da girman guda ɗaya, RAID 5 yana cinye faifai ɗaya, RAID 6 biyu, kuma faifan da ya fi ƙanƙanta shi ke yanke wa sauran iyaka.

mdadm kyauta ce, kuma ana iya ɗauke faifan zuwa wata kwamfutar Linux a harhaɗa su, amma tana buƙatar kulawa. Idan ba a rubuta ma'ajiyar a fayil ɗin mdadm.conf ba, ko ba a sabunta initramfs ba (ƙaramin tsarin da Linux ke fara lodawa lokacin kunnawa), tana iya tasowa da sunan md127 maimakon wanda aka ba ta. Umarnin --array-size ba ya ɗorewa, girman da aka saita da shi yana komawa yadda yake da zarar an sake tayar da ma'ajiyar. Bayan an faɗaɗa ta kuma, sai an faɗaɗa tsarin fayil da umarnin resize2fs ko xfs_growfs kafin sabon sararin ya bayyana. Tsohon tsarin da mdadm ke rubuta bayanan ma'ajiya da shi, wato 0.90, yana da iyakar girman faifai, don haka a zaɓi 1.2.

ZFS ta haɗa ma'ajiya da tsarin fayil wuri guda, wanda ke rage waɗannan matakai, sai dai autoexpand, saitin da ke faɗaɗa ma'ajiya da kanta in an saka faifai mafi girma, a kashe yake tun asali, kuma tana son ƙwaƙwalwar RAM mai yawa.

Katin RAID yana ɓoye duk wannan daga manhaja, amma in ya lalace sau da yawa sai an nemo irinsa kafin a karanta faifan, kuma a ganina wannan haɗari ya fi ƙarfin ƙaramin ofis.

Ga mafi yawan mutane, mdadm ce ta fi dacewa, da sharaɗin a sayi faifai masu girma ɗaya na nau'in CMR, a guji nau'in SMR mai jan ƙafa wajen sake gina ma'ajiya (CMR da SMR hanyoyi ne biyu na rubuta bayanai a kan faifai). A rarraba faifan da tsarin GPT, domin tsohon tsarin MBR ba ya wuce kusan 2TB, sannan a bar ɗan sarari a ƙarshen kowane faifai, saboda wanda za a saya don maye gurbi yana iya gaza na asali da 'yan megabait.