Mayar da kalorin da aka ƙona, ko barinsa?

'Yan uwa a Jidda suna yawan tambayata ko mai rage ƙiba zai ci abin da zai maye kalorin da ya ƙona wajen motsa jiki.

Wanda ya mayar yana samun ƙarfin ɗorewa, amma lissafinsa yana da haɗari, domin agogon hannu mai ƙirga kalori yakan zuzuta adadin. Tattakin awa guda a bakin teku bai cika wuce kalori 300 ba, farantin kabsa ɗaya kuwa, wato dafa-dukan shinkafa da nama ta Larabawa, ya ninka hakan. Wanda ya bari yakan ga sauyi da wuri, sai dai yunwa da kasala suna iya karya masa gwiwa.

Mai ɗan tattaki bayan isha'i, barin ya fi dacewa da shi. Mai doguwar atisaye ko aikin ƙarfi cikin rana, gara ya mayar da rabi.