Kyamis, Asibitin Unguwa, Likitan Waya ko Katin Taimakekeniya: Ina Za Ka Kai Iyalinka a Kano?

A da idan jikin wani ya yi zafi a gidanmu, hanya biyu ce: ko a leƙa kyamis ɗin bakin layi, ko a yi sammako a je Asibitin Murtala a kama layin kati. Yanzu abin ya yi rassa. Ga asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓu da ake ta gyarawa, ga ƙananan asibitocin kuɗi a kowane lungu daga Kurna zuwa Sheka, ga masu duba marar lafiya ta waya, ga kuma tsarin taimakekeniyar lafiya da ake cire wa ma'aikata kuɗinsa a albashi. Na bi kusan duka da ƙafata saboda jinyar Hajiyarmu, don haka ba zan yi kamar ba ni da ɓangare ba. Ina da shi, kuma za ku gane shi tun kafin in kai tsakiya.

Tambayar da nake auna kowane wuri da ita guda ɗaya ce: idan na dawo bayan wata uku, akwai wanda zai buɗe fayil ya ga abin da aka yi mini a zuwan farko? Kyan gini, sanyin na'ura da fara'ar mai karɓar kuɗi duk suna bayan wannan.

Kyamis dai ba asibiti ba ne, kuma lasisin mafi yawansu na sayar da ƙananan magunguna ne, ba na yin allura ko ɗaura ruwa ba. Ka sayi farasitamol ka yi gaba. Likitan waya kuwa, wanda ya yi kasuwa tun lokacin korona a 2020, yana da amfani in kana son a fassara maka sakamakon gwaji da tsakar dare, amma har yau ban ga wayar da ke taɓa ciki ta ji inda ke ciwo ba.

Asibitin mazaɓa ya fi yadda mutane ke raina shi. Jihar Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla guda mai aiki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma daga nan ne wasu asibitocin ke samun kuɗin magani da 'yan gyare-gyare. Awon ciki, rigakafin yara, gwajin maleriya na tsinke da ke fitowa cikin kamar minti 15 zuwa 20, duk nan ne wurinsu, kuma da ƙafa za ki je ki dawo. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ba zai sake wasa da katin rigakafin ɗansa ba. Sai dai yawanci ma'aikatan lafiya na al'umma da ungozoma ne ke riƙe da wurin, likita ba kullum ba. Ga mai ciki da ƙaramin yaro ya wadatar a mafi yawan lokuta. Ga tsohuwa mai hawan jini da ciwon suga a haɗe, akwai inda ƙarfinsu ke tsayawa, kuma nagarinsu su ne masu cewa da bakinsu, "Hajiya, wannan sai an tura ki gaba."

To, ga wanda na zaɓa. Ka yi rajista da tsarin inshora, ka zaɓi asibiti ɗaya da ke da likitan iyali, ka liƙe masa. A matakin jiha akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano, KSCHMA, wadda ma'aikatan jiha suka fi sani, amma tana da ƙofar waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. A matakin tarayya akwai hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS bayan dokar 2022, dokar da ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowa, a takarda dai. Yadda abin ke tafiya shi ne wannan: asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. Kun ga lissafin ya juye ke nan. Asibitin da kake biya da hannu yana cin riba ne ranar da ka kwanta. Wannan kuwa ribarsa ita ce ka zauna lafiya a gidanka. Ba wai masu shi sun fi kowa tsoron Allah ba ne, tsarin ne ya sa amfaninsu ya zo daidai da naka.

Likitan iyali ba "ƙaramin likita" ba ne kamar yadda wani abokina ke cewa. Fanni ne na ƙwarewa mai zaman kansa, ana shekaru ana koyonsa bayan an gama karatun likita, kuma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai sashensa guda, su ne ke riƙe da ɓangaren da ake fara ganin marasa lafiya kafin a tura su wurin likitan zuciya ko na ƙoda. Aikinsa shi ne ya san gidan gaba ɗaya. Wanda muke gani yanzu ya san mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, shi ya sa ranar da na raka Hajiya ya ce, "Malam, kai ma miƙo hannunka." Ya ɗaura mini abin awo, ya duba, ya rubuta a wata 'yar takarda ya ce in dawo bayan mako biyu a sake aunawa, domin ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awo ɗaya. Ban je don kaina ba, ban kuma biya ko sisi a kan wannan ba. Fayil ɗin Hajiya yana cikin kwamfuta, da ta faɗi lambar katinta sai komai ya fito: awon jininta na watanni, maganin da ya taɓa kumbura mata ƙafa aka canza, ranar da za a sake gwajin ƙoda. Ita kanta da take cewa likitocin yanzu kwamfuta suke kallo ba mutum ba, ta daina faɗa tun ranar da ya tambaye ta yadda ta yi da shan maganinta a azumi.

Yana da nasa ciwon kai, ba zan ɓoye ba. A tsarin tarayya na ma'aikata, rajistar ta ƙunshi maigida da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ka ga a Kano wannan lissafin bai cika ɗaukar gida ba, sauran sai ka yi musu ƙari daga aljihunka. Iyaye ma ba sa ciki, daban na yi wa Hajiya. Akwai kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani da ake biya a tsarin na tarayya. Idan za a tura ka babban asibiti sai an nemo lambar izini, wani lokacin ta ɗauki wuni. Sannan wannan kuɗin na wata-wata da na yaba yana da bayansa: asibitin da ba shi da amana zai riƙe kuɗin ya riƙa ce maka "maganin ya ƙare, je ka saya a waje." Don haka kafin ka rubuta sunan asibiti a fom, je ka zauna a bencin jiransu na awa ɗaya da safe. Kalli taga biyu, ta masu kati da ta masu biya da hannu, ka ga ko fuska ɗaya ake yi musu. Tambayi matar da ke kusa da kai ko ana ba ta magani a nan. Tambayi ko likita na kwana, da kuma ranar da katinka zai fara aiki.

Saura asibitin kuɗi na cikin unguwa, wanda ake biya da hannu. A nan ne aka ƙone ni, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Akwai nagari a cikinsu, na sani. Amma shekaru uku da suka wuce Hajiya ta yi ta fama da ciwon kai da jiri, muka kai ta wani da ke kusa da mu, gida ne aka mayar asibiti, gado huɗu a falo da labule a tsakani. Wani saurayi mai farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya, kowa na ce masa dokta, ya sa aka ɗebi jini. Bayan rabin awa ya fito da takarda: maleriya da taifod. Aka ɗaura ruwa leda biyu, aka yi allurar kashe ciwo, na biya, muka tafi muna godiya. Bayan mako uku muka koma, maleriya da taifod. Karo na uku ma haka. Ba a taɓa ɗaura mata abin awon jini ba, kuma duk zuwa sabon kati ake yanka mana kamar ba a taɓa ganinmu ba. Ranar da bakinta ya ɗan karkace muka garzaya babban asibiti, jininta ya haura 200. Likitar da ta karɓe mu ta karanta takardun da na kwaso, ta ɗago ta dube ni kawai. Daga baya ta yi mini bayani cewa ruwan gishirin da ake ɗaurawa da irin waccan allurar duk suna iya ƙara hawan jini, allurar kuma tana wahalar da ƙoda. Allah Ya taƙaita, bakin ya dawo. Saurayin nan kuwa ashe ko makarantar likita bai taɓa shiga ba.

Saboda haka ku riƙe waɗannan. Duk inda amsar kowane ciwo ita ce "maleriya da taifod", ku tashi. Gwajin Widal da ake dogara da shi a ce taifod ne, shi kaɗai ba hujja ba ne a ƙasa irin tamu, domin yana iya nuna alama a jinin wanda ya taɓa yin ciwon tuntuni ko ma mai wani zazzaɓin daban. Duk inda za a ɗaura wa babban mutum ruwa ba a auna jininsa ba, ku tashi. Mu ma muna da laifi a nan, don sau nawa muke cewa likita bai iya aiki ba saboda bai yi allura ba? Masu damfara sun san wannan sarai, ruwan da ke ɗiga a leda shi ne tallarsu. Ku duba bango: asibitin kuɗi a Kano yana ƙarƙashin hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu, ya kamata takardar rajistarsa ta kasance a rataye inda ido zai gani. Likita kuma yana da lasisin MDCN, hukumar da ke kula da likitoci, da ake sabuntawa duk shekara. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, wane ne likitan da ke da wurin nan, yaushe yake zama?" Na gaske ba ya jin haushin tambayar. Wanda ya fara kame-kame yana cewa oga ya yi tafiya, ka riga ka samu amsarka. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita.

Sai maganin kansa, wanda shi ne rami na biyu bayan ka tsallake na farko. A 2024 hukumar NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna sun rufe ɗimbin shagunan magani a yankin Sabon Gari, aka ce 'yan sari su koma cibiyar da aka gina a Dangwauro kan titin Zariya, domin a san inda kowane kwali ya fito. Wannan ya taimaka, amma jabu bai ƙare ba, kuma maganin hawan jini na jabu ya fi na zazzaɓi mugunta, don ba za ka ji a jikinka cewa ba ya aiki ba sai ranar da ya kayar da kai. Kada ku karɓi ƙwayoyi tsirara a farar leda ba suna ba kwanan wata. Ku nemi kwalin, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku ga ko lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin sacet ɗin ciki. Magungunan maleriya da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna zuwa da wurin kankarewa, ka tura lambar ta saƙon waya a ba ka amsa nan take. Ka kankare a gaban mai shagon, kada ka bari sai ka je gida. In farashin ya faɗi ƙasa da rabin na ko'ina, araha ba ta ado. Har maganin da aka ajiye a shagon kwano cikin zafin watan Afrilu ina tsoronsa, ko da na gaske ne, balle insulin da ba ya zama sai a firji.

Ni yanzu ko a asibitin namu aka ba Hajiya magani, sai na ɗauki hoton kwalin a waya na ajiye. Watan jiya launin kwalin ya canza daga shuɗi zuwa fari, na koma da shi tagar magani na tambaya. Mai ba da maganin ta ce kamfani ne aka canza, sinadarin da ƙarfinsa ɗaya ne, ta juya kwalin ta nuna mini da yatsa. Hajiya na zaune a benci tana ce mini, "Kai dai ka cika bincike, ka bar yarinya ta yi aikinta." Ranar Talata ta sama za mu koma awon jini, ni da ita.